Kafin ka fara yaƙi da gishiri da sukari, gyara barcinka

Ranar da na'urar awon hawan jini ta nuna min 148/94, na gama shirin jin "rage gishiri". Sai likitar ta ajiye biro ta ce, "Ƙarfe nawa kake kwanciya?" Na ce wajen ɗayan dare, in tashi shida saura. Kai kawai ta gyaɗa. Shekarata 46 a lokacin, sukarin jinina kafin in karya 108 ne. Ban kai ga ciwon suga ba, tunda shi daga 126 ake lissafa shi, amma ƙafata ɗaya na bakin ƙofa.

Shawarata ita ce ka fara da barci, domin sauran gyare-gyaren a kansa suke tsaye. Wanda ya kwana awa biyar ba shi da ƙarfin fita tattaki, kuma yunwarsa ta kayan zaƙi ce, saboda rashin barci yana ɗaga sinadarin da ke kawo yunwa, ya sauke wanda ke ce maka ka ƙoshi. A cikin barci ne jijiyoyin jini ke saki, zuciya ta lafa, awon jini ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. In ka gajarta daren, ka gajarta wa zuciya hutunta. Ta fannin sukari kuwa, a 1999 masu bincike a Jami'ar Shikago sun taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa 4 har dare shida, sai jikinsu ya rage saurin kwashe sukari daga jini. A 2022 ƙungiyar lafiyar zuciya ta Amurka ta sa barci cikin ma'aunanta takwas na lafiyar zuciya, awa 7 zuwa 9 ga babba.

Ga yadda na yi. Lokacin tashi na fara tsayarwa, ba na kwanciya ba, don shi ne ke hannuna: ƙarfe shida kullum, har ranar da ba aiki. Daga nan na ƙirga awa bakwai da rabi baya, ya ba ni goma da rabi. Kada ka ce yau-yau za ka koma can, ido biyu za ka kwana. Ni minti 20 nake ja baya duk bayan kwana uku, har na isa. Wayata a wani ɗakin take kwana. Ana yawan ɗora laifin a kan hasken fuskarta, amma ni a ganina labarin da ke ciki ya fi hasken ɓarna. Kofi da shayi na daina su daga ƙarfe biyun rana, tunda bayan kamar awa biyar rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jiki. In na kwanta minti 20 barci ya ƙi, sai in tashi in zauna cikin haske kaɗan har ido ya yi nauyi. Kallon agogo ba abin da yake ƙarawa sai fargaba.

Sai ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kana minshari, kuma kada ka yi fushi da amsar. Minshari mai ƙarfi da ke katsewa, mutum ya yi shiru kamar numfashi ya ɗauke sannan ya shaƙo iska da ƙarfi, ba abin dariya ba ne. Maƙogwaro ne ke toshewa, iskar jini ta ragu, jiki ya firgita ya harba awon jini sama, wataƙila sau da dama a cikin awa guda, mai shi bai sani ba. Ya tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi duk da ya kwana awa takwas. Wannan na cikin abin da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani, kuma tsara lokaci ba ya warkar da shi, sai an je asibiti. Haka in fitsari na tashinka sau da yawa ga ƙishirwa, je a auna maka sukari.

Da barci ya daidaita, sauran suka zo da sauƙi. Tafiyar sauri minti 150 a mako, ni minti 30 nake yi kwana biyar, in ƙara ɗan zagaye bayan cin abincin dare. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna irin wannan motsi tare da rage kusan kashi 7 na nauyin jiki ya sauke haɗarin ciwon suga da kashi 58 ga masu tsaye a bakin ƙofa irina. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma da yawansa a abincin gwangwani da na leda yake ɓuya. Lemon kwalba na bari. Sigari da giya ba sai na ja zance ba.

Ka samu na'urar awon hawan jini irin ta damtse. Zauna minti biyar ka jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba kofi ba motsa jiki rabin awa kafin nan. Auna sau biyu safe, sau biyu yamma, har mako guda, ka rubuta a littafi, gefe kuma ka sa awannin barcin daren jiya. In kana shan magani, kada ka ajiye shi don lambobi sun yi kyau. Littafin nan na kai wa likitar bayan wata huɗu, yawancin shafin 132/84 ne, sai ranaku uku da suka haura 140. Ta sa yatsa a kansu, na duba gefe: duk ukun awa biyar na kwana.