Darasi na 7: Esans, gazuwal da gaz duk 'yan gida ɗaya ne

To jama'a, darasinmu na yau kan man da muke ƙonawa ne kullum. Ɗan kabu-kabu ya sha esans, mai babbar mota ya sha gazuwal, uwargida ta kunna gaz ta ɗora shinkafa, kowa na ganin nasa daban, alhali uwarsu ɗaya, ɗanyen mai. Mu nan Damagaram ma ba labari za a ba mu ba, tun 2011 matatar SORAZ take aiki a kan hanyar Tanut, bututu ke kawo mata ɗanyen mai daga Agadem cikin jihar Difa, kuma an gina ta don tace ganga 20,000 a rana.

Duk mayukan nan sinadari biyu ne kawai suka haɗu suka yi su: kabon da haidirojin. Kabon kun san shi, shi ne baƙin nan na gawayi. Haidirojin kuwa iska ce marar nauyi. Ku ɗauki carbi a hannu, ku ƙaddara kowane ɗan carbi kabon ne, an jera su a zare, haidirojin kuma na maƙale a gefen kowanne. To tsawon jerin nan shi ne duka sirrin. Mai kabon 1 sunansa metan. Mai 3 furofan, mai 4 butan, su biyun nan ne ake ɗurawa a butel ɗin gaz ta girki. Esans jerinsa ya kama daga wajen 5 zuwa 12, sai kananzir, sai gazuwal da ya fi su tsawo da kauri, can ƙarshe kuma kwalta wadda ake shimfiɗawa a titi.

Gajeren jeri saurin tashi sama gare shi, shi ya sa in ka bar bidon esans a buɗe cikin zafin watan Afrilu za ka tarar ya ragu ba wanda ya taɓa, kuma tururin nan da ba ka gani shi ke kama wuta tun kafin ashana ta kai ga man. Wallahi ina jin tsoro in na ga mai sayar da esans a kwalba yana hura sigari kusa da teburinsa. Dogon jeri shi kuma nawa gare shi, ba ya tashi da wuri. Da wannan bambanci matata ke raba su, a dafa ɗanyen mai cikin doguwar hasumiya, marar nauyi ya hau sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa, a kwashi kowanne a matakinsa.

Yanzu abin da na fi so ku riƙe. Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. In iska ta wadata, kabon ya zama iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, haidirojin ya zama tururin ruwa, harshen wutar ya fito shuɗi, gindin tukunya tas. In iska ta yi kaɗan sai harshen ya koma rawaya, tukunya ta yi baƙi, gaz na tafiya a banza, sannan wata guba ta fito wadda ake kira kabon monoksaid, ba wari ba launi, mutum ya fara da ciwon kai da jiri sai barci ya kwashe shi. Don Allah lokacin hunturu kada a rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki, kuma gurup ɗin wuta, wato injin ba da lantarki, a waje ake tada shi, nesa da taga.

Gaz ɗin butel ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya, warin nan ma da gangan aka sa masa don hanci ya ji. In kin ji shi, ki rufe kan butel, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki ƙyasta ashana ko ki taɓa makunnin lantarki.

Aikin gida: ku kunna kyandir, ku kanga cokali a kan harshensa na ɗan lokaci, ku duba bayan cokalin. Ku rubuta abin da kuka gani da sunan sinadarin. Sannan ku shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da butel, in ta yi ƙwai-ƙwai yana kumbura to akwai yoyo, ku rubuta wannan ma ku zo da shi aji.