Shirin soja a gida kafin tafiya aiki ƙasar waje

Idan sunanka ya fito cikin masu tafiya aikin wanzar da zaman lafiya, Abyei ne (yankin da ke kan iyakar Sudan da Sudan ta Kudu) ko Gambiya, ɗan hutun da kake samu bayan horo a barikin Jaji ba shi da yawa. Ga yadda za ka yi da shi in ka iso ƙauye.

1. Ranar da ka sauka, ka durƙusa gaban Baba da Inna ka faɗa musu da bakinka, ka nemi albarka. Kada su tsinci zancen a bakin 'yan majalisa.

2. Rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, a gaban liman da wani dattijo. Wasiyya ma ka rubuta, ba ta kawo ajali. Sannan ka duba sunan magajin da ke cikin takardunka na aiki. Wani ya yi aure har da 'ya'ya, amma sunan wansa ne a ciki, kuma nan rigima ke farawa.

3. Gona ka damƙa wa ƙaninka. Bar masa kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, ku fayyace rabon amfani tun yanzu. Leƙa rumbu ka ƙiyasta ko geron zai kai iyali kaka.

4. Buɗe wa maiɗakinka asusu da sunanta, ka raka ta wurin mai POS a kasuwar Gujungu ta cire kuɗi da hannunta.

5. Fasfo da katin rigakafin shawara su shiga leda ɗaya.

6. Ja kunnen 'yan gida, musamman samari: ban da sa hotonka da kaki ko ranar tashinku a Facebook.