Darasi na 7: Rainon kututture a gona

Yau darasinmu kan itatuwa ne, amma ba irin dashen nan na ranar biki ba, wanda ake tara manyan baƙi a ɗau hoto, bayan sati biyu awaki sun cinye komai.

Ku tuna lokacin sharar gona. Kututturen kalgo ko sabara ko magarya ya yi toho, mu kuma sai mu sa adda mu sare tas, mu tara mu cinna wuta. To wannan tohon fa bishiya ce, saiwarta na can ƙasa da ranta shekara da shekaru, ta riga ta kai inda danshi yake, shi ya sa ba ta neman ban ruwa ko leda ko kuɗin mota. Manoman Maraɗi a Nijar sun fara barin irin wannan toho tun 1983, tare da wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, bayan yunwar 1984 abin ya bazu, yanzu ana ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Can suna kiransa sassaben zamani.

Ga yadda ake yi. Ka tsuguna gaban kututturen ka duba da kyau, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi suka miƙe, sauran ka cire. Wuƙa ko addar ta zama mai kaifi, kuma saran daga ƙasa zuwa sama ake yi don kar ɓawon ya tsage. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu, kar ka wuce haka, in ka aske su duka iska za ta karya su. Abin da ka cire kuma ai ba asara ba ne, uwargida ta samu makamashi. Bayan 'yan watanni ka sake zagayowa, don wani tohon zai fito.

In ka ga gawo ya tsiro a gonarka, wallahi ka yi sa'a, ka kewaye shi da ƙaya. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin tumaki ne.

Sai dai mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. Kai ka raina, wani ya zo da dare da gatari. Dole a zauna gaban mai gari, manoma da makiyaya da mata masu neman itace, a yi yarjejeniya kan abin da za a sara da tarar wanda ya karya doka.

Aikin gida: kowa ya zaga gonarsa ya ƙirga kututture masu toho, ya rubuta sunan kowace bishiya da adadinta a littafinsa, ya zo mana da shi darasi na gaba.