GMAT bai yi kyau ba? Ku leƙa GRE tukun

'Yan uwa masu neman MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci) a waje, idan makinku na GMAT (jarrabawar neman shiga MBA) ya zo ƙasa kar ku yi saurin sake biya, kuɗin ya kusa dala 300 fa.

Ku shiga shafin ETS, masu shirya GRE (wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu), ku yi gwajin atisayen GRE na kyauta, sunansa PowerPrep, a zama ɗaya da agogo a gabanku.

Makarantun kasuwanci irin su Harvard, Stanford, INSEAD duk suna karɓar GRE a madadin GMAT. Kuma a lissafin GRE akwai kalkuleta a kan allo, a ɓangaren lissafin GMAT kuwa babu, da kai za ka yi ta bugawa lokaci yana tafiya, nan ne mutane da yawa ke zubar da maki.

Amma GRE yana da kalmomin Turanci masu wuyar gaske, wanda karatun Turancinsa bai yi zurfi ba zai sha wuya, gara ya koma GMAT, bayan kwana 16 ana iya sake zama.

In kuma ranar rufe neman gurbi ta matso kar ku canza, sakamakon GRE kan ɗauki kwana 8 zuwa 10 kafin ya fito.