Yadda na gyara injin ɗaga kaya da ya ƙi saukowa

A sito na riɗi da nake aiki kusa da Maigatari, injinmu ya ɗaga buhuna sama, sannan ya ƙi saukowa. Tunda yana ɗagawa lafiya, ban zargi famfon da ke tura mai don ɗaga shi ba, domin nauyi ne ke saukar da shi idan bawul, wato abin da ke tare man, ya buɗe wa man hanyar komawa tanki. Na hana kowa shiga ƙarƙashinsa, muka tokare shi da katako mai kauri. Da na danna maɓallin sauka, ban ji ɗan ƙaran da bawul ke yi ba. Ashe wayarsa ce ta kwance, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta. Na goge ta, na ɗaure tam, muka ɗan ɗaga, muka zare katakon, ya sauko a hankali.