Darasi na 9: Ɗaukar Lauya Idan Ciniki Ya Zama Rigima

A ce kai mai harkar hatsi ne a kasuwar Dawanau. Wani kamfani ya ɗauki riɗi tirela biyu a hannunka, ya biya rabin kuɗi, ya ce ragowar sai bayan wata guda. Yau wata takwas ke nan. Manaja ya daina ɗaukar wayarka. Shugabannin kasuwa sun kira zama har sau biyu, bai zo ba. Masu ba da shawara kuma sun yi maka caa. Wannan ya ce ka haɗa shi da 'yan sanda, wancan ya ce ai ɗan ƙanwarsa lauya ne.

Mu fara sallamar shawarar farko. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ana binsa bashi ko ya saɓa alƙawarin ciniki. Idan ka sa aka tsare shi a kan haka, yana iya kai ku ƙara kai da 'yan sandan, ka wayi gari kai ne za ka biya diyya. Damfara daban, bashi daban. Ba da cekin banki alhali babu kuɗin a asusu ma laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977. Amma rarrabe waɗannan aikin lauya ne, ba na mai fushi ba.

Shawara ta biyu ce ke buƙatar natsuwa.

Lauya suna ne

Kamar yadda ba kowane likita ke aikin ido ba, haka lauyoyi suke. Wani ya ƙware a neman beli, wani a rikicin gado da filaye, wani a shari'ar zaɓe. Ɗan ƙanwar abokinka yana iya zama haziƙi, amma idan bai taɓa bin bashin kamfani a kotu ba, da dukiyarka zai koyi aiki.

Kafin maganar ƙwarewa, ka tabbata lauyan gaske ne, don akwai masu yawo a harabar kotu da baƙar kwat alhali ba su taɓa shiga aji ba. A Najeriya sai mutum ya gama digirin shari'a a jami'a, ya je Makarantar Horar da Lauyoyi, irin wadda ke da reshe a Bagauda, an rantsar da shi, an kuma sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Kowane lauya yana da lambarsa. Yana kuma da ɗan hatimi na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, mai ɗauke da sunansa da lambar, wanda yake liƙawa a takardun da ya shirya, ana sabunta shi duk shekara. Ka nemi ganinsa. Lauyan gaske ba zai ji haushi ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka je ofishin reshen NBA na garinku ka tambaya.

Za ka ji ana cewa wane SAN ne, wato Babban Lauyan Najeriya. An fara ba da wannan muƙami a 1975, kuma sai wanda ya shekara goma yana aiki ake duba wa. Kuɗinsu da nauyi. Bashin riɗi tirela biyu bai kai a tayar da SAN ba. Lauyan da ya shekara bakwai ko goma yana irin wannan shari'a ya ishe ka.

Hanya mafi kyau ta samunsa ita ce ka tambayi ɗan kasuwar da ya taɓa shiga irin matsalarka. Kada ka tsaya a kan "ya ci shari'ar?" Tambaye shi, "Kuɗinka sun dawo? Yana ɗaukar waya? Shi yake zuwa kotu ko yara yake turawa?"

Me ya sa ake neman wanda ya goge?

Shari'ar kasuwanci da yawa ba a kan gaskiya ake faɗuwa ba, a kan ƙa'ida ne. Ga wuraren da sabon hannu yake tuntuɓe.

Na farko, kotun da za a je. Kowace kotu da huruminta. Bashin ciniki zalla, ko da kamfani ne ya ci, na Babbar Kotun Jiha ne ko kotunan da ke ƙasa da ita, gwargwadon yawan kuɗin. Amma rigimar masu hannun jari a kan tafiyar da kamfani, ko satar tambarin kaya, ko harkar kwastan, na Babbar Kotun Tarayya ne, kamar yadda sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Rikicin ma'aikaci da ubangidansa yana da tasa kotun, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Idan aka kai ƙara inda ba a da hurumi, ana iya shekara huɗu ana kai da kawo, ranar ƙarshe a ce a koma farko.

Na biyu, wa za a kai ƙara? Kamfani mai rajista mutum ne a idon doka, dabam da mai shi. Idan kamfani ya ci bashi, kamfanin ake ƙara, da ainihin sunan da ke rajistar Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ba manajan da kuka yi musabaha da shi ba. Gogaggen lauya zai fara bincika rajistar kafin ya rubuta ko layi ɗaya.

Na uku, lokaci. Bashi ba ya ruɓewa a wajen Allah, amma a kotun boko yana da wa'adi. A jihohi da dama shekara 6 ne daga ranar da aka saɓa alƙawari, a wasu shekara 5. Ya wuce, ƙofa ta rufe, ko da kowa ya san kana da gaskiya. Masu kawaici su lura da wannan, don kunya ta cinye dukiyar mutane da yawa.

Har sa hannu ma yana kashe shari'a. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar kotu sai lauya ya sa hannu da sunansa, ba da sunan ofishinsa ba. An yi watsi da ƙararraki masu yawa a kan wannan kaɗai.

Abin da za ka tafi da shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je, tattara duk abin da ya shafi cinikin a jaka ɗaya: takardar yarjejeniya in akwai, rasit, takardar awo, takardar da direba ya kawo bayan sauke kaya, bayanin asusunka na banki, da littafin da kake rubuta bashi. Kada ka goge saƙonnin WhatsApp ko na murya, kada kuma ka sayar da wayar. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irin wannan hujja idan an gabatar da ita yadda sashe na 84 ya tsara. Rubuta sunayen waɗanda aka yi cinikin a gabansu, har da dillali. In rubutu yana yi maka wuya, ka sa ɗanka ya rubuta maka labarin daki-daki da kwanan wata.

A nan ne mutum yake gane hikimar aya ta 282 a Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Mu kuwa sai mu ce "ai akwai amana", mu ba da kayan miliyoyi da baki.

Zaman farko

Saurari wannan hira, sannan ku karanta ta a aji, mutum biyu-biyu.

"Barista, so nake ka karɓo mini kuɗina."

"To, Alhaji. A asusun wa rabin kuɗin ya fito, na kamfani ko na manaja?"

"Na kamfani."

"Madalla. Sun taɓa yin ƙorafi a kan kayan?"

"A'a... sai dai sun ce buhu arba'in sun jiƙe."

"Sun jiƙe ɗin?"

"Gaskiya ruwa ya ɗan taɓa su a hanya."

"Gara da ka gaya mini yanzu, Alhaji, da in ji a bakin lauyansu a gaban alƙali. Kamfanin yana aiki har yanzu? Ka san bankin da suke ajiya?"

Lura da wannan lauya. Tambaya yake yi, bai yi alƙawarin komai ba. Wanda ya ce maka "an gama, wata biyu kuɗinka na hannu" tun kafin ya buɗe jakarka, ɗauki jakarka ka fita. Wanda ya ce ya san alƙali kuwa, ka fita da sauri. Shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Kada ka ɓoye masa inda ka yi kuskure. Doka ta hana shi fallasa sirrin da ka gaya masa a kan aikinsa. Tambayarsa ta ƙarshe kuma ita ce ta fi nauyi, domin hukunci takarda ne, ba kuɗi ba. Bayan ka ci shari'a, sai an sake neman kotu ta umurci bankin da ke riƙe da kuɗinsu ya biya ka, ko a kama kadarorinsu a yi gwanjo. Idan kamfanin ya riga ya zama kango, ka kashe kuɗi ne ka sayi takarda. Wanda ya faɗi kuma yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can ma akwai Kotun Ƙoli a Abuja.

Kai ma ka yi naka tambayoyin. Irin wannan shari'a nawa ya yi? Yana da alaƙa da ɗaya ɓangaren? Wa zai riƙa tsayawa a kotu? Ta yaya za ka riƙa jin yadda aka kwana bayan kowane zama?

Maganar kuɗi

Ku yi ta tun farko, a rubuce, kowa ya riƙe kwafi. Wasu suna yanke kuɗi dunƙule a biya kashi-kashi, da kafin alƙalami. Wasu suna ƙara kuɗin mota a duk zaman kotu. Wasu kuma suna yarda su ɗauki kaso daga abin da aka karɓo, doka ta yarda da haka a shari'ar da ba ta laifi ba. Kuɗin shigar da ƙara na kotu ne, ba na lauya ba, kuma yana da rasit. Ka tambaya ko kuɗin da kuka yanke ya haɗa da bin hukunci da ɗaukaka ƙara, don yawanci bai haɗa ba, a nan ne ake ɓatawa.

Idan aka biya bashin ta hannun lauya, amana ce, bai halatta ya cakuɗa da kuɗinsa ba. Wanda ya ci irin wannan kuɗi ana kai ƙararsa gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, har ana iya soke sunansa daga rajista. Kana kuma da ikon canza lauya, sai dai ka biya shi haƙƙin aikin da ya riga ya yi.

Ba kullum sai an kai gaban alƙali ba

Sau da yawa wasiƙar lauya guda, mai wa'adin kwana bakwai ko sha huɗu, tana sa mai taurin bashi ya nemi zama. Kano tana da cibiyar sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotu tun 2009, tana kuma da kotunan ƙananan basussuka tun 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Je wajen magatakarda ka tambayi iyakar kuɗin da suke saurare. Idan kuwa takardar yarjejeniyarku ta ce a je wajen mai sasanci kafin kotu, sai an bi. Lauyan da ya ba ka shawarar karɓar naira 80 cikin 100 yau maimakon jiran duka nan da shekara biyar, ba lalle tsoro ne ya kama shi ba. Wataƙila ya iya lissafin jari.

Aikin aji

1. Rubuta abubuwa biyar da za ka sa a jaka kafin ka je wajen lauya.

2. Wata hajiya a Kantin Kwari tana bin wani bashin atamfa na naira 3,000,000. Lauya ya ce zai ɗauki kashi 10 cikin 100 na abin da aka karɓo. Aka yi sulhu a kan naira 2,500,000. Nawa ne rabon lauya, nawa ya rage mata?

3. Me ya sa lauya ya tambayi Alhaji bankin da kamfanin ke ajiya?

4. Aikin gida: rubuta takardar bashi mai layi shida tsakaninka da abokin ciniki. Sa sunaye, adadin kaya, kuɗi, ranar biya, da wurin sa hannun shaidu biyu. Zo da ita darasi na gaba.