Yadda za ka koyar da Galatiyawa 3:24 ba tare da ka rikita 'yan aji ba

In an ba ka wannan ayar, wadda ta ce Shari'ar Musa ta zama mai riƙonmu har zuwan Almasihu, a nazarin Littafi Mai Tsarki ko Sande sukul, don Allah kar ka tashi ka ce Shari'a malamar makaranta ce ka wuce, ni ma haka na yi a cocinmu nan Sabon Tasha sai wata mama 'yar zumunta ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, toh in malama ce me ya sa aya ta 25 ta ce mun fita daga hannunta?" Na rasa ta cewa.

Fara da kalmar. Manzo Bulus da Helenanci ya rubuta, ya ce paidagogos, wato mai jan yaro ko mai riƙo. Yawanci bawa ne amintacce a gidan masu hali, tun yaro na shekara 6 ko 7 ake danƙa masa shi, shi zai kai shi makaranta ya riƙe masa kayan rubutu, ya hana shi bin abokan banza, in ya yi rashin ji ya sha bulala. Mai koyarwa daban yake, sunansa didaskalos.

Sai ka kawo abin gida. Tambaye su wa ke kai yaransu makaranta da safe. Wani zai ce yayarsu, wata ta ce mai keke suke biya duk wata daga Narayi zuwa Barnawa. Yawwa, mai keken nan yana tsawata musu, yana ƙirga su kar ɗaya ya ɓata, amma a bakin get yake juyawa, kuma ba wanda zai ci gaba da biyansa bayan yaro ya shiga jami'a. Haka Shari'a take, ta riƙe mu ne har zuwan Almasihu. Bar su su yi ta hira a nan, gurin ne ake ganewa.

Daga nan ku koma 3:17, Shari'a ta zo ne shekara 430 bayan alkawarin da aka yi wa Ibrahim, sai 4:1-2 inda magaji ke hannun masu riƙo har ranar da uba ya sa. Kar ka bari a zagi Shari'a fa, mai riƙo ba maƙiyi ba ne.

In lokaci ya rage ku leƙa 1 Korintiyawa 4:15, kalmar paidagogos ce dai, masu riƙo dubu goma amma ubanni kaɗan. Sa wani ya karanta da ƙarfi kafin a rufe da addu'a.